Daga Ina Likitan Bisashe Ya Fito? Tarihin Mutumin da Hatiminsa ke Kan Takardarmu



Da kwamitin biki ya ce in rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa, sai na ɗauko littafin koke-koke na ofis, wanda ke hannuna tun ranar da aka ba ni aikin magatakarda, don in ga abin da ya fi damun mutanenmu. In an cire duwan da shingayen hanya, babu wanda ake yawan kawo ƙararsa kamar likitan bisashe, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa malamin dabbobi. Wani ya ce ya tsare masa mota tun hantsi har la'asar. Wani ya ce ya sauke masa bijimai biyu wai suna tari. Wani kuma ya ce an karɓi kuɗin takarda, an buga hatimi, ba a ko leƙa cikin motar ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi yawa a littafin, kuma shi ya fi ba ni tsoro, zan faɗi dalili in mun je can. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da takardar lafiyar dabba tamkar haraji ce kawai. Na ga ya kamata mu san yadda aka yi aka fara koyar da wannan ma'aikaci, da abin da ya sa aka ajiye shi a bakin iyaka.

Kafin zuwan Turawa ba a rasa masu maganin dabba ba. Makiyaya sun san saiwa da sassaƙe, sun san lalas, sun san ɗorin karaya. Har wani irin rigakafi suna yi: in ciwon huhu ya kashe saniya, sai a yanko ɗan ƙaramin yanki na huhun a tsaga fatar karan hancin masu lafiya a cusa. Wasu su mutu, da yawa su tsira kuma cutar ba ta sake kama su da sauƙi. Babban maganinsu dai shi ne ƙafa. Da an ji labarin cuta a wata mashaya, sai a tashi da dare a bar wurin.

Sai ga cutar da ta fi ƙafa sauri. A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jirgin ruwa ta Masawa, a bakin Bahar Maliya, don ciyar da rundunarsu, ashe shanun suna ɗauke da bushiya. Ta cinye shanun Habasha, ta bi ta Sudan da Wadai, kafin 1891 ta iso ƙasashenmu. Wani hafsan Faransa mai suna Monteil, wanda ya ratsa ta Sayi da Sakkwato da Kano zuwa Kukawa a wannan lokaci, ya rubuta irin mushen da ya gani zube a hanya. Yadda take yi shi ne zazzaɓi ya fara, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya kwaile saniya ta kasa cin ciyawa, sai zawo mai wari ya biyo, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta faɗi. A garken da bai taɓa saninta ba, cikin goma da ƙyar ɗaya ta tashi. Masu tarihi sun ce an sa wa wannan annoba suna Sannu, don babu abin da mutum ke iya ce wa ɗan'uwansa sai gaisuwar jaje. Fulani da yawa a lokacin suka koma noma dole, wasu suka shiga gari neman abin kai wa baki. Bayan ta lafa ba ta tafi ba. Duk bayan 'yan shekaru, da zarar maruƙan da ba su san ta ba sun yi yawa, sai ta sake tashi.

Haka Turawa suka tarar da ƙasa. Kada mu yaudari kanmu cewa tausayin makiyayi ne ya tashe su. Ingilishi suna son jangali, Faransawa suna son harajin dabba, duka biyun suna son fata da ƙirgi, suna kuma son nama ya isa biranen bakin teku. Saniyar da ta mutu ba ta biyan ko ɗaya. Ingilishi suka buɗe ofishin likitan dabbobi a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Farko, a 1924 suka mai da shi Vom, kan tsaunukan Jos, inda akwai sanyi kuma babu ƙudan tsando. A wannan shekara ta 1924 ne Faransawa suka kafa lakwal ɗin likitancin dabbobi a Bamako don yaran ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. A wannan shekarar dai aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris, wadda aka daɗe ana kira OIE. Abin da ya jawo kafa ta ya shafe mu kai tsaye, don fatauci ne. A 1920 wani jirgin ruwa ya ɗauko shanu daga Indiya zai kai su Barazil, ya yada zango a tashar Anbers ta Beljiyam, daga nan bushiya ta ɓulla a Turai bayan sun ɗauka sun rabu da ita. Ƙasashe suka zauna suka yarda cewa kowa zai riƙa sanar da cutar da ta ɓulla a ƙasarsa, kuma dabba ba za ta ƙetare iyaka ba sai da shaidar lafiya. Takardar da muke miƙawa a Ɗan Isa da Jibiya jikanyar wannan zama ce.

Likitocin Turawa kuwa 'yan kaɗan ne, ana ƙirga su da yatsu, ga ƙasa mai faɗi, ga shi ba su jin Fulatanci ko Hausa ko Buzanci. Ba yadda za su yi sai sun koya wa 'yan ƙasa. Na farko-farkon ba su yi wata lakwal ba, a bakin aiki suka koya: kama sa, kayar da shi, tafasa sirinji, riƙe ma'aunin zafi. Kuma rigakafin wancan zamani abin tsoro ne. Allura biyu ake yi lokaci ɗaya. A gefe guda a ɗura wa saniya jinin wadda ke fama da bushiya, a ɗaya gefen a ɗura mata ruwan jinin sa da ya warke, don ya rage kaifin cutar. Daga nan a tsare garken a sansani makonni ana auna zafin jikinsu. Mafi yawa su tashi da kariya har iyakar rayuwarsu, amma wasu su mutu a gaban mai su. Ka sa kanka a matsayin makiyayi: ka kawo shanunka lafiya lau, yaron Bature ya soka musu allura, uku sun faɗi, ga kuma malamin jangali a gefe yana ƙirga kawuna. Wa zai zarge shi in ya gudu? Tun daga nan aka fara kallon malamin dabbobi da ido biyu, kuma har yau wannan kallo bai gama gushewa ba. Daga baya aka samu sauƙi da aka gano cewa in an bi da ƙwayar cutar ta jikin awaki, daga wannan akuya zuwa waccan sau da yawa, ƙarfinta yana raguwa har ta zama rigakafi. Cikin shekarun 1940 wannan ya maye gurbin allura biyun, mace-mace suka ragu, makiyaya suka fara kawo shanu da kansu.

Koyarwa ta sosai ta zo ne sannu a hankali. A Vom an buɗe makaranta a 1941. A Kaduna, kan hanyar Mando, an buɗe wata a 1951 don horar da ƙananan ma'aikatan dabbobi, yawancinsu En'e ce ke turo su, ita ke biyansu albashi in sun koma. A ɓangarenmu Faransawa sun jera ma'aikatan hawa-hawa: na sama su ne waɗanda suka fito daga Bamako, ƙarƙashinsu mataimaka, sai masu jinyar dabbobi, sai masu allura a can ƙasa. A Gana akwai Pong-Tamale a arewa, a Cadi aka gina gidan binciken Farsha kusa da Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Cikakken likita mai digiri ɗan ƙasa wanda ya yi karatunsa a gida bai samu ba sai bayan 'yancin kai, da aka buɗe tsangaya a jami'ar Zariya a tsakiyar shekarun 1960, da makarantar Dakar ta ƙasashe masu Faransanci a 1968. Ke nan kusan shekara arba'in aikin yana wuyan mataimaka.

Me ake koya musu? Na tambayi wani dattijo a unguwarmu da ya yi wannan aiki tun zamanin Diori har ya yi ritaya, ya lissafa mini. Da farko yadda ake ɗaure sa da igiya ɗaya a kwantar da shi ba a karya shi ba, shi ma ma'aikaci bai sha ƙaho ba. Sai sanin zafin jiki, wanda a saniya mai lafiya yake tsakanin 38 da 39. Sai yadda ake tsaga kunne a shafa ɗigon jini a gilashi a aika a duba da madubin likita, don gane sammore ko saifa. Sai buɗe mushe a karanta huhu da hanta da hanji, da kuma sanin mushen da ba a buɗewa ko kusa: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura, wannan ciwon saifa ne, yana kama mutum, sai a binne ta da zurfi. Sai duba nama a kwata, da dandaƙa da ƙarfen da ke matse jijiya ba tare da yanka ba, da yadda ake feɗe fata a shanya ta a inuwa. Mu mutanen Maraɗi mun san darajar wannan na ƙarshe, don fatar jar akuyarmu ta yi suna har Turai, shi ya sa ma aka buɗe mata cibiyar kiwo a nan garin a 1963. Abu na ƙarshe da ya ambata, wanda ya ce a kansa aka fi korar mutane daga aiki, shi ne rahoton wata. Ni da nake zaman rubutu na ji daɗin wannan.

Fatake sun haɗu da malamin dabbobi ne a kan burtali. Kafin motoci, da ƙafa ake kora shanu daga nan zuwa Badun da Ikko da Kumasi, tafiyar wata guda ko fiye, ko kuma a kai su bakin jirgin ƙasa a Kano, daga baya a Ƙauran Namoda da Nguru. Garken fatake shi ya fi kowane garke ɗaukar cuta, don an tattaro shi daga kasuwa biyar ko shida, kuma yana shan ruwa a kowace mashaya ta hanya. Saboda haka aka shata wa shanun fatauci hanyoyi, aka kafa tasoshin dubawa a mashigai, inda ake yi musu allura, a buga musu lamba, a ba madugu takardar da zai riƙa nunawa a kowace tasha har ya isa. Mahaifina ya yi kora a ƙuruciyarsa, ya ce abin da suka fi tsoro bayan an gangara kudu shi ne sammore, sa ya bar gida da tozo ya isa kara yana layi. Ya ce sun sha zagin malamin tasha a bayan idonsa, amma in aka ji an rufe wata hanya saboda bushiya, wurinsa ake zuwa tambayar ta inda za a bi.

Babban aikin da ya fito da darajar waɗannan ma'aikata ya zo ne bayan 'yancin kai. A 1961 aka yi taro a Kano, aka yarda cewa babu ƙasar da za ta iya kashe bushiya ita kaɗai, tunda saniya ba ta san iyaka ba. A 1962 aka fara gangamin da ake kira JP15 a ƙasashe huɗu na kewayen tafkin Cadi, wato Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi, da taimakon kuɗi daga Turai da Amurka. Daga baya ya bazu yamma har Senegal, gabas har Habasha, bai ƙare ba sai 1976. A lokacin kuma wani likita ɗan Ingila, Walter Plowright, da ke aiki a Kenya ya fito da sabon rigakafi wanda ba ya kwantar da dabba, allura ɗaya kuma ta isa har mutuwa. Aibinsa guda ne, ba ya jure zafi. A nan aikin ya dawo kan ƙananan ma'aikata. Maganin yana zuwa a busasshe cikin 'yan kwalabe, sai an ajiye shi a firji mai aiki da kananzir, a ɗauke shi cikin ƙanƙara zuwa daji, in an dama shi da ruwan gishiri mai sanyi kuma sai a yi amfani da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu, abin da ya rage a zubar. Dattijon nan ya ce wanda ke kula da lagwanin firji ya fi direba muhimmanci a tawagarsu, don in wutar ta mutu cikin dare ba a farga ba, washegari ruwa kawai za a yi ta ɗura wa shanun mutane.

Tun asuba ake farawa kafin rana ta yi zafi. An riga an kafa shinge na itace mai siririn lungu, makiyaya na turo shanu ɗaya bayan ɗaya, mai sirinji na soka, na kusa da shi na huda kunne da wani ƙarfe mai fitar da alama kamar ganye mai kunne uku, malami na rubuta adadi. Shekara uku a jere ake zagayowa ana yi wa kowace saniya, saboda ɗan maraƙin da ke ɗauke da kariyar da ya sha a nonon uwarsa allura ba ta kama shi sai ya kusa shekara. Hudar kunnen nan ta zama takardar da ba ta jiƙewa, ba a kuma sayenta a bayan ofis. Dillali a kasuwa yana kama kunne ya duba kafin ya yi ciniki. Tawagogin ƙasashe biyu sukan haɗu a bakin iyaka su raba aiki, wannan ya ɗauki rijiyoyin arewa, wancan na kudu, don kada garke ya zille ta tsakani. Ban san wani aikin gwamnati da aka yi da irin wannan haɗin kai tsakanin Nijar da Najeriya a wancan zamani ba.

Bushiya ta yi ƙasa har mutane suka manta da ita, kuma nan ne aka yi kuskure. Yarjejeniyar ita ce bayan gangami kowace ƙasa za ta ci gaba da yi wa maruƙa allura duk shekara da kuɗinta. Masu ba da taimako suka tafi, motoci suka lalace ba a gyara ba, firji ya rasa kananzir, ma'aikaci yana zaune a ofis babu mai a babur. Ga farin 1973 da 1974 ya tarwatsa garkuna ya cakuɗa su. Cutar kuwa ta laɓe a wurare biyu, tsakanin Mali da Muritaniya, da kuma can Sudan da Habasha. Daga 1980 ta fara dawowa ta yamma, ta shigo ta wajen Sakkwato, sannan wata ta taso daga gabas ta Cadi ta faɗa Borno, a 1983 suka game arewacin Najeriya. Iyayenmu da ke cikin wannan ƙungiya sun ga wannan da idonsu, ba sai na ba su labari ba. An rufe kasuwanni, mahauta sun sayi sa a kuɗin tunkiya, masu garke sun wayi gari da sanda kawai. Kafin a farfaɗo sai ga farin 1984 da rufe iyakar Najeriya, shekarar da muke kira El Buhari. Maganin bushiya yana nan a wannan lokaci. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai kai shi bakin rijiya da sanyinsa.

A 1986 aka sake sabon gangami na Afirka baki ɗaya mai suna PARC, a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Yankinmu ya rabu da cutar kafin ƙarshen shekarun 1980. Inda ta gagara shi ne wuraren yaƙi, kudancin Sudan da wasu sassan Habasha, inda ma'aikacin gwamnati ba ya iya shiga. A farkon shekarun 1990 aka gyara rigakafin ya zama yana jure zafi har wata guda ba firji, sai aka zaɓo makiyaya daga cikin jama'arsu, wasu ko karatu ba su iya ba, aka koya musu allura cikin 'yan makonni, suka ɗauki magani a ƙafa da kan keke. Su suka gama da ita a can. An ga bushiya ta ƙarshe a Kenya a 2001, a jikin ɓauna, kuma a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya. Cuta biyu kaɗai ɗan Adam ya taɓa shafewa daga doron ƙasa, agana da ita.

Yanzu aikin ya canza kama. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu a shekarun 1980 da 1990, gwamnatoci suka rage ɗaukar ma'aikata, suka sakar wa 'yan kasuwa sayar da magani. Makarantu dai suna nan. A Nijar akwai ta Kollo kusa da Yamai, wadda mai takardar birbe ke iya neman shiga ta hanyar jarrabawa. A Najeriya akwai Vom da Mando da Badun da wasu, inda ake difloma ta shekara biyu, mai so ya ƙara biyu ya yi babba. A Kamaru akwai ta Marwa da Fumban da Jakiri. Sai dai wanda ya gama ba lalle ya samu albashi ba, yawanci kanti yake buɗewa ko ya bi wani likita. A nan jiharmu ta Maraɗi, wajen Dakoro, aka fara gwada wani tsari tun 2003: likita mai zaman kansa ya buɗe asibitin dabbobi a babban gari, ya ɗauki mataimaka daga ƙauyuka da rugage waɗanda jama'arsu suka zaɓa, a horar da su, ya riƙa ba su magani yana bin sawun aikinsu, in lokacin rigakafin shekara ya zo gwamnati ta ba shi kwangila. A ganina tsari ne mai kyau matuƙar likitan yana zagayawa da gaske. In ya zauna a kanti ya bar yaro da jaka, to an koma gidan jiya.

Gidan jiyan kuwa muna ganinsa kowace ranar kasuwa, a Maigatari ran Alhamis ko Mai'aduwa ran Lahadi ko nan cikin namu. Tabarma a rana, an baza Terramycin da Berenil da Ivomec da ƙwayoyin tsutsa, wasu na gaske, wasu jabu, wasu kwanansu ya wuce, mai sayarwa kuma bai taɓa zama aji ko na kwana ɗaya ba amma ana ce masa likita. Bambancinsa da wanda ya koyi aiki a abu uku yake fitowa. Wanda ya koya yana kimanta nauyin dabba kafin ya ja magani, don rabin awo ba ya kashe cuta, sai dai ya koya mata jure maganin. Ya san cewa dabbar da aka yi wa allura mai dogon aiki ba a yanka ta a ci sai bayan makonni, kuma adadin kwanakin a rubuce yake jikin kwalba. Na uku, ya san inda iliminsa ya tsaya, ya san ranar da zai ce wannan ta fi ƙarfina, a kira na sama, a sanar da hukuma.

Ga dalilin da ya sa na ce koken nan na hatimi ba dubawa yana ba ni tsoro. Bushiya ta tafi, amma ciwon huhu yana nan, haka annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, wadda duniya ta sa wa'adin 2030 don kawar da ita. Ciwon huhu ma ya fi bushiya wayo. Yana iya kwanciya a jikin sa makonni ko watanni bai nuna ba, kuma in aka danna wa mai tari allura kwana biyu kafin kasuwa sai ya miƙe ya yi kyan gani alhali yana ɗauke da cutar. Rigakafinsa ma ba na har abada ba ne, sai an maimaita duk shekara. Bara wani membanmu, ba zan faɗi sunansa ba, ya sayo bijimai a wata kasuwar ƙetare, takardarsu cif da hatimi, ya zo ya haɗa su da na turkensa da yake kiwatawa don salla. Kafin wata biyu tari ya game gidan. Da ya zo ofis neman a shiga masa, na tambaye shi ko an duba su a iyaka, ya ce shi da kansa ya ƙara wa ma'aikacin wani abu don kada a sauke su, rana tana yi. To ƙarar wa za mu kai? Ma'aikacin ya ci amanar aikinsa, babu shakka, kuma na san akwai masu tsare mota da gangan don a ba su na goro. Amma hannu biyu ne ya yi wannan ciniki. Tun 1998 ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da takardar ƙetare iyaka ta makiyaya, wadda ke nuna adadin dabbobi da allurar da aka yi musu da hanyar da za su bi, mu fatake kuma muna da tamu ta fitar da dabba. Ko wace ce daga ciki, darajarta tana ga idon da ya duba kafin hannu ya sa hatimi.

Saboda haka zan gabatar da abu biyu a babban taro, in shugabanni sun ba ni dama. Na ɗaya, duk wanda ya kawo ƙarar likitan bisashe a ofis, zan riƙa rubuta ko an sauke dabbobin an duba ko ba a duba ba, da awa nawa aka tsare shi, da ko an ba shi rasit, don in za mu je wurin ma'aikatar kiwo mu je da hujja a hannu, mu nemi a ƙara ma'aikata ranakun manyan kasuwanni. Na biyu, a ware wani abu daga asusun taimako a ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu daga 'ya'yan membobi su je su koyi wannan aiki, da sharaɗin in sun gama za su riƙa duba dabbobin membobi a kara kafin a biya kuɗi. Wanda ke da yaro ko yarinya mai takardar birbe, ko mai sakamakon sakandare na Najeriya da darussan kimiyya, ya kawo mini kwafi a ofis kafin ranar taro, ina nan daga safe har azahar ban da Juma'a.

Wassalam, daga magatakardanku.